Baƙin mai mai tsada yana ƙara wa mota gudu a filin tsere?

Nura Dubai:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da nake so a tattauna, don ni gani na yi, ba labari aka ba ni ba. Waɗanda suka san ni sun san ina shiga filin Dubai Autodrome da Toyota 86 ɗina a ranakun da ake buɗe wa masu motocin gida. Tun da na saye ta man da kamfani ya ce nake zubawa, 0W-20. Kafin fitar da na yi ta ƙarshe sai na juye shi, na zuba man tsere na asali, sintetik, irin wanda kuɗin lita ɗayarsa ya kusa na galan guda na gama-gari. Wallahi lokacina ya ragu da sakan 1.4 a zagaye ɗaya, a ƙaramin zagayen nan da ake gamawa cikin minti ɗaya da sakan ashirin ko kusa da haka. Ƙarar injin ma ta yi laushi. Masu cewa duk baƙin mai ɗaya ne, talla ce kawai ta bambanta su, me za ku ce?

Abba Formula:
Wa alaikumus salam. Ai maganar a fili take, Yaya Nura. Da mai ba ya ƙara gudu, me Shell take yi a jikin Ferrari a tseren Formula 1 shekara da shekaru? Petronas na tare da Mercedes, Mobil 1 na tare da Red Bull, kuma ba suna kawai suke liƙawa a jikin mota ba. Ƙaramin ɗakin gwaji suke ɗauka su bi tawaga duk ƙasar da za ta, bayan kowace fita a ɗebi man a auna. Mutanen nan ba sa zubar da kuɗi a banza.

Malam Sabo Bakanike:
Nura ɗana, barka da arziki, Allah ya tsare. Kafin in ce komai ina da tambaya uku. Wane kauri ne a jikin gwangwanin sabon man? Wane wata ka yi fitar farko, wane wata ka yi ta biyu? Kuma tayoyin da ka shiga da su ranar farko, su ne dai na ranar biyun?

Nura Dubai:
Baba Sabo, ina wuni. Sabon 5W-40 ne. Fitar farko cikin Oktoba ce da yamma, ta biyun cikin Janairu da safe. Tayoyi kuwa na canza na gaba guda biyu don sun cinye, amma iri ɗaya ne da na da, ban sa wasu na musamman ba.

Injiniya Hadiza:
Malam Nura, amsar da ka ba Baba Sabo ta kusa warware zancen, amma bari in bi shi a hankali don masu karatu su amfana.

Lambar farko, wadda ke zuwa kafin W, tana nuna yadda man ke gudana idan yana da sanyi. Ta biyun kuma kaurinsa ne a zafin digiri 100. Akwai wani awo na uku da ba a cika rubutawa a gwangwani ba, wanda ake yi a digiri 150 ana murza man da ƙarfi kamar yadda ƙarafan inji ke murza shi. A ƙa'idar SAE, ƙungiyar injiniyoyin da ke tsara waɗannan lambobi, man da ke da lamba 20 ba zai gaza 2.6 a wannan awon ba, 5W-40 kuma ba zai gaza 3.5 ba. Kenan man da ka zuba ya fi wanda ka zubar kauri da kusan kashi ɗaya cikin uku.

To, baƙin mai ba ya ƙonewa ya ba da ƙarfi, wannan aikin fetur ne. Hanya ɗaya ce mai zai bi ya ƙara wa taya ƙarfi, ita ce ya rage abin da injin ke asara wajen gogayya: fistin da ringinsa a jikin silinda, kiransha a kan metal ɗin da yake juyawa a kai, sai famfon da ke tura man kansa. Mai kauri ya fi wuyar turawa, ya fi wuyar ratsawa. Ka tuna bambancin dama koko da tuƙa tuwo. Shi ya sa kamfanonin motoci suka yi ta saukowa daga 20W-50 zuwa 5W-30, zuwa 0W-20, yanzu har 0W-16 akwai, duk don neman rarar fetur ta kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari. Kai kuwa sama ka hau. In ma man ya taɓa ƙarfin injinka, to rage shi ya yi kaɗan.

Nura Dubai:
Injiniya, na ji bayaninki kuma ina girmama iliminki. Amma agogo ba ya ƙarya. Sakan 1.4 ɗin daga ina ya fito?

Injiniya Hadiza:
Daga Janairu, daga tayoyi, daga hannunka kuma.

Inji iska yake shaƙa. Duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage nauyin iska da kusan kashi 3 cikin 100, fetur ɗin da za a iya ƙonawa ma sai ya ragu. Kai ka fi ni sanin tazarar da ke tsakanin yammacin Oktoba da safiyar Janairu a Dubai, ta haura digiri 10 nesa ba kusa ba. Wannan kaɗai ya fi duk abin da kowane mai zai iya ba ka. Kwaltar da ba ta yi zafi sosai ba kuma ba ta saurin dafa taya.

Mu ma ɗauka man ya ƙara maka kashi 1 cikin 100. Motarka tana da ƙarfin doki wajen 200, kenan doki biyu ka samu. A zagayen nan ba koyaushe ƙafarka ke kan totur har ƙasa ba, wani lokaci kana birki, wani lokaci kana cikin kwana inda taya ce ke iyakance ka. A lissafina na kai tsaye, doki biyun nan da ƙyar su ba ka kashi ɗaya cikin goma na sakan. Duba takardar lokutanka na rana ɗaya, za ka ga tsakanin zagaye da zagaye kana bambanta da fiye da haka ba tare da ka taɓa komai a motar ba.

Sababbin tayoyi biyu a gaba kuwa ba ƙaramin abu ba ne, ko da iri ɗaya ne. Taya da ta sha zafi ta huce sau da yawa robarta taurara take yi. Tayoyin gaba su ke ɗaukar mafi yawan birki, su ke shigar da kai kwana.

Nura Dubai:
Gaskiya fitar Oktoba ita ce ta biyu a rayuwata, ta Janairu kuma ta huɗu. A tsakani wani ɗan Lebanon da ya daɗe a harkar ya zauna a gefena ya nuna mini inda nake saurin taka birki. Ban kawo wannan a lissafi ba.

Abba Formula:
To amma Anti Hadiza, kin tsallake maganata. A Kanada a 2024 George Russell da Max Verstappen lokaci ɗaya cif suka yi a gwajin neman layin gaba, 1:12.000, sai aka ba Russell don shi ya riga yi. A irin wannan wuri kashi ɗaya cikin goma na sakan da kike rainawa ai shi ne komai. Kuma kin manta rigimar 2017? A 2014 aka taƙaita fetur ɗin da inji zai sha, kilo 100 a awa, sai aka fara zargin wasu tawagogi suna barin baƙin mai ya zurara cikin silinda ya ƙone tare da fetur don samun ƙarin ƙarfi. Har sai da FIA, hukumar da ke kula da tseren, ta sa doka, a 2018 ta ce kada mota ta sha fiye da lita 0.6 a kilomita 100. Kin ce mai ba ya ƙonewa ya ba da ƙarfi, ga shi kuwa ya yi.

Injiniya Hadiza:
Abba ƙanena, ka kama ni a nan, kuma na karɓa. Amma dubi abin da ka kawo da kyau. Dabara ce ta mayar da baƙin mai fetur don a zagaye doka, a injin da aka ƙera musamman don hakan. Motar gida in ta fara ƙona mai, hayaƙi za ka gani da fulogi mai baƙi, ƙarfi kuma raguwa zai yi.

Batun kashi ɗaya cikin goma na sakan, gaskiyarka, a wurinsu dukiya ce. Direbobinsu suna iya maimaita zagaye kusan daidai, man kuma tare da injin ake tsara shi, ba a shago ake ɗauko shi ba. Ɗakin gwajin da ka ambata ma yawancin aikinsa neman ɓurɓushin ƙarfe ne a cikin man, don a gane inji ya fara cin kansa kafin ya fashe. Gwangwanin da ke kanti yana ɗauke da tambari iri ɗaya, amma abin da ke ciki daban.

Malam Sabo Bakanike:
Injiniya, Allah ya ƙara basira. Na yarda man bai ba Nura gudu ba. Amma kada yaron nan ya ji bayaninki ya koma ya zuba ruwa-ruwan nan ya shiga fili. Ni a kan Peugeot 504 ɗin Kaduna na koyi aiki, shekara talatin da ɗoriya ina buɗe inji. Abin da ke kashe inji zafi ne. Mai in ya yi zafi tsinkewa yake kamar ruwa, gejin matsi ya faɗi, kiransha ya zauna a kan metal, sai ka ji ƙwas-ƙwas, shi ke nan an tafi. Wanda zai riƙe inji a juyi dubu bakwai na minti ashirin a ƙasar Larabawa, ni dai ba zan ba shi shawarar 0W-20 ba ko an sa mini wuƙa.

Injiniya Hadiza:
Baba, a nan bakinmu ɗaya, ku gafarce ni in maganata ta nuna akasin haka. Littafin Toyota da kansa yana cewa mai da ya fi kauri zai iya fi dacewa idan ana gudu sosai ko motar na shan wahala. A titi man yana zama wajen digiri 90 zuwa 110, a fili kuwa mota irin ta Nura da ba ta da na'urar sanyaya mai tana iya haura 130. A nan ne man kirki ke biyan kuɗinsa. Ba ya saurin ƙonewa ya zama kwalta, ba ya saurin tsinkewa, ba ya yawan kumfa, kuma abin da ya rage na kaurinsa a wannan zafin ya isa ya raba ƙarfe da ƙarfe. Nura ya yi daidai da ya canza. Lafiyar injinsa ya saya da kuɗin, ya ɗauka gudu ya saya.

Baban Ilham:
Salamu alaikum. Ni ba ni da alaƙa da tsere, Corolla 'yar Kwatano nake ja daga Kaduna zuwa Zariya kullum. A murfin man an rubuta 5W-20, bakanikena kuma ya ce wannan na ƙasar ƙanƙara ne, 20W-50 yake zuba mini. Yanzu wa zan bi? Kuma in na daure na sayi irin na Nura, zai rage mini shan fetur?

Malam Sabo Bakanike:
Baban Ilham, a da ni ma haka nake cewa, kuma a kan 504 da tsohuwar Hiace gaskiya ne. Amma injinan yanzu ramukan mansu ƙanana ne, kuma VVT-i ɗin nan mai daidaita lokacin buɗe bawul da matsin mai yake aiki. Na sha buɗe irinsu in tarar mai kauri ya daskare a sama kamar ƙullun ƙosai, musamman in an haɗa da jinkirin juye. In injinka ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ka zuba 5W-30 na kirki ka huta. In ya tsufa ya fara sha, a hau 10W-40. Tsallen nan zuwa 20W-50 ɓoye ciwo ne kawai.

Kuma ka duba ko an cire maka tamostat. Abokan aikinmu da yawa cirewa suke yi wai don zafi, sai inji ya yi ta aiki a sanyaye, fetur yana zurara cikin man yana tsinka shi. Wannan ya fi cin fetur a kan kowane irin mai da za ka zuba.

Injiniya Hadiza:
Ƙari a kan na Baba: kada ka sayi man tsere don Corolla. Wasu daga cikinsu an rage musu sinadarin wanke inji don ana zubar da su bayan tsere ɗaya ko biyu, an kuma cika musu sinadarin zinc da fosfaros mai hana ƙarfe cin ƙarfe. Fosfaros ɗin nan a hankali yake kashe abin tace hayaƙi na cikin salansa da kanikawa ke kira indomi, shi ya sa aka taƙaita shi a man motocin gida zuwa kashi 0.08 cikin 100. Ka nemi alamar ingancin mai ta API a bayan galan, SN ko SP. SP ɗin a 2020 ya fito, ya fi amfani ga masu ƙananan injina masu turbo.

Kalmar sintetik ma a yi hattara da ita. Mobil ta taɓa kai ƙarar Castrol gaban hukumar sa ido kan tallace-tallace a Amurka, cewa man da Castrol take kira sintetik ɗanyen mai ne aka tace shi sosai, ba a haɗa shi daga tushe ba. A 1999 hukumar ta ba Castrol gaskiya. Tun daga lokacin yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna irin tataccen ne, kuma ba laifi gare shi, yana aiki ƙwarai. Sai dai kalmar ita kaɗai ba ta gaya maka abin da ke ciki.

Alhaji Mamman Damagaram:
Ina gaishe ku duka. Ina ta karatu tun ɗazu. Mu da ke bin hanyar Damagaram zuwa Agadas da Land Cruiser, damuwarmu ba sakan ba ce, a isa lafiya ne. Abin da na gani a shekaruna, mai na tsaka-tsaki da ake juyewa a kan lokaci ya fi mai tsadan da aka bari ya daɗe don ana jin zafin kuɗinsa. Rairayi ba ya tambayar nawa ka sayi mai. In filtar iska ta huje, ko man sarki ka zuba, ƙasa za ta cinye ringi.

Abu na biyu jabu. Wata shekara na sayi jarka mai babban suna a wani shago a hanya, har da hatiminta. Ban yi kilomita dubu ba man ya koma kamar ruwan shayi, fitilar mai na kyaftawa. Allah ya taimake ni na tsaya. Daga baya aka gaya mini tsohon mai ne ake tacewa a sake ɗurawa. Tun ranar nake fasa jarka in na gama da ita, don masu bin gareji suna saye. Kuma masu wannan aiki ba sa wahalar da kansu a kan mai araha, mai tsadan suke kwaikwayo.

Malam Sabo Bakanike:
Ranka ya daɗe Alhaji, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ni yanzu in mutum ya zo da mansa sai na tambaye shi inda ya saya. In farashin ya yi ƙasa da na dila sosai, ba na zubawa, gara ya tafi wani wuri.

Usman Mai Mashin:
Tambaya ɗaya don Allah. In na sami ragowar irin man nan na mota, zan iya zuba wa mashin ɗina?

Injiniya Hadiza:
Kar ka zuba, Usman. Kulocin yawancin babura a cikin man yake wanka, man mota na zamani kuma akwai sinadarin ƙara santsi a ciki, sai kuloci ya riƙa zamewa. Nemi wanda aka rubuta JASO MA ko MA2.

Nura Dubai:
Na gode ƙwarai, Baba da Injiniya. Amma laushin ƙarar fa? Wannan kunnena ne ya ji, ba agogo ba.

Malam Sabo Bakanike:
Kunnenka bai yi ƙarya ba. Mai kauri yana danne ƙarar ƙarafan sama, kuma kowane sabon mai ya fi tsoho daɗin ji. Shi ya sa duk wanda ya fito daga juyen mai sai ya ce motar ta yi sauƙi.

Amma akwai abin da ba wanda ya faɗa, kuma shi na fi ji maka tsoro. In ka shiga doguwar kwana da gudu, man da ke kaskon ƙasa gefe guda yake kwantawa, kamar ruwa a bokiti a bayan amalanke. In bakin famfo ya fito waje ko na sakan biyu ne, iska zai zuƙa, kuma a juyi dubu bakwai sakan biyu sun isa su taɓa metal. A wannan lokacin tsadar man ba ta da amfani tunda bai ma iso wurin ba. Sababbin tayoyin da suka ba ka gudu su ne kuma ke ƙara kwantar da man. Motocin tsere na gaske shi ya sa ba sa ajiye mai a kasko, tanki daban suke yi masa da famfunan da ke kwashewa. Kai abin da za ka iya, ka sa a yi maka shinge a cikin kaskon, kuma kafin kowace fita ka zaro geji ka tabbata man yana kan layin sama.

Abba Formula:
Ni dai har yanzu ina ganin ba a gwada ba. A sami mai biyu masu kauri ɗaya, ɗaya na gama-gari ɗaya na tsere, a ɗora motar a kan injin awon ƙarfi rana ɗaya. In bambanci bai fito ba zan yi shiru.

Injiniya Hadiza:
Wannan shi ne gwajin da ya dace, Abba, kuma ba zan yi mamaki ba in an ga doki ɗaya ko biyu. Sai dai a tabbata zafin man ɗaya ne a kowane ja, a kuma ja aƙalla sau uku-uku, don injin awon da kansa yana iya bambanta da wannan adadin tsakanin ja da ja.

Nura Dubai:
Akwai gareji a Al Quoz da ke da injin awon, zan tambayi kuɗinsu. Amma kafin nan kuɗin da na ware don galan na gaba zan karkatar da shi. Baba, tsakanin na'urar sanyaya mai da shingen kasko, wanne zan fara?

Malam Sabo Bakanike:
Fara da gejin zafin mai da na matsi, su ne masu araha, su za su gaya maka wanda motar ke buƙata. Ka sa wani ya zauna a gefenka ya riƙa duba allurar matsin a cikin kwana mafi tsawo, don kai idonka na kan hanya. In tana faɗuwa a kwana, shinge. In zafi ne ke haura 130 bayan zagaye huɗu ko biyar, na'urar sanyaya. Ka rubuto mana lambobin in ka dawo, kuma ka haɗa da zafin garin na ranar.